Kakata Tsufa Ta Yi, Ba Maita Ba

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, Kaka dai ta riga mu isa. Ta rasu a Gure, a gidan Kawu, a ƙarshen daminar bana, bayan ta daɗe a duniya har babu sauran wanda zai iya faɗin shekarunta. Ita ta haifi Innata. Ni ne jikan nan nata da take kira maigidanta, wanda ya tafi jami'a karatun yadda jikin ɗan Adam yake tsufa. Abin da na gani a zaman makokinta ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin in na yi shiru, labarin da unguwa take bayarwa a kanta shi zai zauna.

Maza sun zo jana'iza, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun zo kamar masu sauke farali, aka yi salla, aka kai ta, kowa ya kaɗe rigarsa ya kama gabansa. Wani dattijo ya riƙe hannun Kawu ya ce, ƙasa-ƙasa, “Allah Ya yafe mata abin da ta ɗauka.” Kawu ya ce amin. Ni ina gefe, na ji kamar in shaƙe su duka biyun. Matar da ta saba yi wa gawar mata wanka a unguwarmu ta aiko cewa bayanta ya riƙe, sai Inna da matar Kawu ne suka wanke ta. Matan da suka daure suka shigo cikin gida kuwa, babu wadda ta zo da goyo, babu wadda ta sha ruwan da aka miƙa mata.

A wajenmu, in tsoho ya kai irin shekarun Kaka, mutuwarsa ba ta kuka ba ce zalla. Jikoki sukan yi ta tsiya, a daka gumbar sadaka su yi wawa a kanta, a aika wa maƙwabta. Mun daka, mun aika. Da yamma na zaga bayan gida na tarar da awaki suna cin gumbar Kaka a gindin katanga, inda aka zubar. Mutum ɗaya na ga ta ci a gabanmu, wata Bafillatana da ta taso tun daga Alakos. Ta zauna a ƙofar ɗakin Kaka ta ci tana hawaye, ta ƙulle sauran a bakin zanenta ta ce za ta kai wa ɗanta.

Wannan ɗan nata a ɗakin Kaka aka haife shi. Ina yaro lokacin. Ranar kasuwa ce, matar ta kawo nono da man shanu, naƙuda ta kama ta a bakin hanya, ba ta san kowa a gari ba. Kaka ta dawo daga sayen kanwa ta gan ta durƙushe, ba ta tambaye ta ko 'yar wace ce ba, ta kamo ta zuwa gida. Ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi, ta yi ta dama mata kunun kanwa tana yi mata wankan jego har mijin ya biyo sawu. Da zai tafi ya ce zai kawo tunkiya. Kaka ta ce ya riƙe abarsa, ita ba ta da ciyawar ba ta.

Ungozoma ce. Kafin mata su saba da zuwa matanite, wato asibitin haihuwa, kusan duk wanda aka haifa a unguwarmu hannunta ne ya fara taɓa shi, har da wasu daga cikin masu gemun da suka yi mata salla suna sauri. Daga Bune aka kawo ta aure, da Barbarci a bakinta. Hausa a kasuwa ta koye ta, kuma har ta bar duniya takan ce wa namiji “ke” ta ce wa mace “kai”. In muka yi dariya sai ta ce ai duk tsirara ta fara ganinmu, ba ta ga abin da za ta tsaya bambantawa ba. Hannuwanta ƙanana ne, masu tauri, kullum da ƙamshin man shanu. Jariri ko yana tsala kuka, in ta ɗora shi a cinya ta danna masa ciki da tafin hannu sai ya yi luf.

Ba zan mai da ita waliyyiya ba don ta mutu. Kaka tana da baki, kuma ba ta haƙuri. Da Inna ta yanke shawarar haihuwar ƙanwata a matanite, Kaka ta yi fushi ta daina cin abincin gidanmu har damina ta wuce, alhali Inna ce mai gaskiya. Akwai kuma rigimarta da matar maƙwabcin Kawu, wadda akuyarta ta haura ta cinye kuɓewar da Kaka ta shanya. Kaka ta tsaya a tsakar gida ta wanke matar tas, ta rufe da cewa, “Za ki gani.” Abin da take nufi shi ne za ta ɗaure akuyar in ta sake shigowa, kuma ta ɗaure ta. Maganar ta wuce, har Kaka ta karɓi haihuwar matar bayan haka. Ashe an ajiye maganar a zuci.

Ni da ita wasan jika da kaka muke yi, mai zafi. Ina shigowa zan ce, “Tsohuwa, har yanzu kina nan? Yaushe za ki tafi mu ci gumba?”

Takan ɗago daga gogar goronta ta ce, “Sai na binne ki, raguwar miji, in auri wanda ya fi ki.”

Da na gama lisansi, digirina na farko, a Damagaram na samu gurbin ci gaba a wata jami'a a ƙetare, na zo yi mata sallama. Ta tambaye ni karatun mene ne. Na ce na tsufa, yadda jiki yake lalacewa da shekaru.

“Za ka tsallaka ƙasashe don ka ga tsufa? Ga ni nan, zauna ka kalla.”

“Naki ya yi yawa, Kaka, ba zai koyu ba.”

“Za su ba ka maganinsa?”

Na ce babu magani tukuna, nema ake yi. Ta ce to da ni da malaman namu duk ba mu da aikin yi. Amma ta kwance bakin zanenta ta ba ni dabino, ta tofa mini addu'a a ka.

Karatun ya shiga raina. Na koyi cewa ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikinmu ba sa rabuwa har abada, kowace tana da iyakarta. Na koyi cewa wasu in sun gaji ba sa mutuwa, sai su zauna suna fitar da abin da yake ɓata na kusa da su. A labo, ɗakin bincikenmu, na yini ina leƙa su ta madubin ƙara girma, ina jin daɗi kamar na gano sirrin duniya. Sai muka zo kan ƙwaƙwalwa. Malamarmu ta nuna mana hoton ƙwaƙwalwar mai lafiya da ta wanda cutar mantuwa ta ci, ta biyun ta motse kamar busasshiyar goruba. Ta bayyana yadda wani datti yake taruwa tsakanin jijiyoyi, yadda wurin ajiye sabon abu yake fara lalacewa alhali tsohon yana nan daram, yadda mai cutar yake koma wa harshen yarintarsa, da yadda ruɗewar take tsananta in rana ta kusa faɗuwa. Ta ƙara da cewa abin da ya zo da tsoro ko kunya yakan daɗe bai goge ba, ko da an manta dalilinsa.

Ina zaune a ajin nan Kaka ta faɗo mini a rai, don a makon ne Inna ta gaya mini ta waya cewa Kaka ta ɓoye takalmanta a cikin tukunyar miya, ta ce matar Kawu ce ta sace su. Na kira Kawu na yi masa dogon bayani. Ya ce, “Gigin tsufa ne, ɗana, kowa ya san shi. Ka yi karatunka.” Gaskiyarsa ne, mutanenmu sun san gigin tsufa. Da Kaka namiji ce, ko da ba ta taɓa riƙe jariran mutane ba, ko da bakinta mai sanyi ne, da an bar ta da wannan sunan har kabari.

Da na zo hutu daminar bara na tarar abin ya yi nisa. Hausarta ta zube, sai tsinci-tsinci. Da rana tana zaune lafiya. Da an doshi magariba sai ta miƙe ta ɗaura ɗankwali ta ce za ta nemo 'yarta. Tana da 'ya da ƙyanda ta kashe tun kafin a haifi Inna, ita take nema. Takan fita tana leƙa zaurukan mutane tana magana da Barbarcin da ko matasan Barebari ba sa ganewa duka. Kowa ya san abin da ake cewa game da magariba a garinmu, lokacin da uwa take janye ɗanta daga ƙofa. A daidai wannan lokacin ne cutar take tayar da Kaka, ba don komai ba sai don haske yana raguwa kuma ƙwaƙwalwar ta gaji.

Wata magariba Kaka ta kuɓuce wa matar Kawu ta shiga gidan maƙwabcin nan. Ta tarar da ƙaramar jikar matar mai akuya tana wasa, ta sungume ta, ta kira ta da sunan matacciyar 'yarta, ta ce ta zo su tafi gida. Da ƙyar aka ɓamɓare yarinyar daga hannunta. Kashegari zazzaɓi ya rufe yarinyar. Damina ce, sauro ya cika gari, babu gidan da ba a kwance. Amma da ta fara sanƙarewa tana juya ido, sai kakarta ta tuna da “za ki gani”. Aka kira wani mai magani, ya duba ya ce an kama kurwa, kuma wanda ya kama ba shi da nisa.

Da hantsi suka cika ƙofar gidan Kawu, maza da mata, har da samari riƙe da duwatsu. Buƙatarsu ɗaya ce, Kaka ta zo ta tsallaka yarinyar. Haka ake yi, wai in mayya ta tsallaka wanda ta kama, ta saki kurwarsa. Na tsaya a bakin zaure ina ta magana. Na ce palu ne, zazzaɓin sauro da ya hau kai. Na ce tsohuwar nan ba ta san ma wace shekara ake ciki ba. Na yi maganar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, na yi ta zuba kamar ina gaban malamaina. Wani ya ce, “Ai dole ka kare ta, nononta uwarka ta sha.” Nan na gane cewa ba Kaka kaɗai ake tuhuma ba, don a wurinsu maita ta nono take bi.

Kawu ya ja ni cikin zaure. Ya nuna mini samarin da hannu.

“Ka ga duwatsun nan?”

“Kawu, in ta tsallaka, ta amsa ke nan. Ba za ta ƙara wankuwa ba.”

“In ba ta tsallaka ba kuma yarinyar ta mutu, gawar uwata zan ɗauka yau. Kai za ka koma lakwal ɗinka wurin karatu, ni ne a garin nan.”

Na ce mu kira jandarma. Ya ce kafin su zo an gama, bayan sun tafi kuma wa zai zauna da maƙwabta? Har yau ina jin haushinsa, kuma har yau ban san abin da zan yi ba da ni ne shi.

Aka fito da Kaka. Ganin taro sai ta yi murmushi, ta ɗauka suna ake yi. Wata mata ta daka mata tsawa ta ce ta saki 'yar mutane. Kaka ta ce, “To.” A lokacin duk wanda ya ɗaga mata murya “to” take ce masa. Suka ce ai ga shi ta amsa. Aka shimfiɗe yarinyar a tsakar gidansu, aka tuɓe wa Kaka zane aka bar ta da ɗan fatari, matar da ta suturta rabin matan da suke wurin a ranar da suka fi buƙatar sutura. Ƙafafunta ba sa ɗaguwa sosai, sai da Kawu ya riƙe ta. A tsakiyar tsallakawar ne murmushin ya ɗauke. Ta dubi jikinta, ta dubi mutane, ta sa hannu ta rufe ƙirjinta. Na ga lokacin da ta gane, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Da taro ya watse yarinyar tana nan yadda take. Na sami ubanta, wanda muka yi firamare tare, na ce masa an yi nasu, yanzu ya bar ni in yi nawa. Ya yarda. Muka ɗauke ta a babur zuwa likita, aka gwada jini, palu ne, aka ɗaura mata ruwa da allurai. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana neman abinci. Unguwa ta ɗauka: an tsallaka, yarinya ta warke. Babu wanda ya lissafa da likita, har uban da ya riƙe ta a bayan babur, wanda ya ce mini shi dai ya ga abin da ya gani. Ban yi nadamar kai ta ba, ko gobe zan sake. Amma na san da ta mutu za a ce Kaka ta cinye ta, da ta rayu kuma aka ce Kaka ta sake ta. Ba a bar wa tsohuwar ƙofa ko ɗaya ba.

Daga nan gidan Kawu ya zama abin kewayewa. Matarsa tana sayar da fura, ta daina, don babu mai saye. Yara sukan ruga in sun zo wucewa. Kawu ya sa wa ƙofar ɗakin Kaka sakata ta waje, ana rufe ta tun la'asar. Na koma jami'a na ci gaba da zama a aji, ina rubuta jarrabawa a kan cutar da take cin kakata, ina samun maki mai kyau. Na tambayi malamarmu ko akwai abin da zan yi. Ta ce a kiyaye ta daga firgita, a bar ta cikin mutanen da ta sani, a yawaita taɓa ta da yi mata magana. Na yi godiya na fito. Ban iya gaya mata cewa duk an yi akasin haka ba.

Hutun bana na tarar da ita ta ƙanƙance. Ba ta san ni ba. Na ce, “Tsohuwa, maigidanki ne ya dawo,” ta dube ni kamar baƙo. Ta manta sunan Inna, ta manta an yi mata aure a Gure, wani lokaci takan manta yadda ake haɗiye ruwa. Abu ɗaya ne bai goge ba. Ina zaune kusa da ita wata safiya sai ta kamo bakin rigata ta ce da Barbarci, a hankali, “An ce ni ce.”

Na ce, “Ba ke ba ce, Kaka. Sauro ne. Ni na kai ta likita.”

Ta gyaɗa kai, har na ga fuskarta ta saki. Kafin in gama shan shayina ta sake kamo rigata. “An ce ni ce.” Na sake ba ta amsa. Haka muka yi ta yi duk hutun. Na san dalili, na ma rubuta shi a jarrabawa: amsata sabon abu ce, ba ta da wurin zama, abin da aka yi mata kuwa ya shiga ta ƙofar tsoro. Sanin bai rage mini komai ba.

Ana cikin haka ƙanwata ta haihu, ɗanta na fari, ta zo wankan gida wurin Inna. Mijinta bai so ba, danginsa sun yi ta magana, amma ta ce sai Kaka ta ga ɗanta. Muka kawo shi da safe, lokacin da hankalinta ya fi kwanciya. Na buɗe ɗakin, haske ya shiga. Ƙanwata ta durƙusa ta ce, “Kaka, ga tattaɓa-kunnenki, ki sa masa albarka.”

Jaririn ya motsa ya yi ɗan kuka. Kaka ta ɗago. Na ga hannuwanta sun taso da kansu, sun buɗe yadda suka saba, ɗaya wajen kai ɗaya wajen ƙugu. Har ƙanwata ta miƙa shi. Sai Kaka ta tsaya. Ta janye hannuwan, ta mai da su bayanta ta danne da jikin bango, ta kau da fuska.

“Ku ɗauke shi,” ta ce. “Ku ɗauke shi kada in cuce shi.”

Inna ta fashe da kuka. Na roƙe ta, na rantse mata da Allah, na kamo hannunta in ɗora a kan yaron, ta ƙanƙame da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba. Ba ta sake su ba sai da aka fita da shi. Bayan wannan ba ta ƙara cin abin kirki ba, kuma ba ta kai ga ganin girbi ba.

Unguwa ta yarda da ƙarya, wannan zan iya ɗauka, zan kuma yi ta musu da su har in mutu. Abin da ya fi ƙarfina shi ne ita ma ta tafi tana yarda da ita. Ya Allah, Kai ka san abin da hannuwan nan suka yi a duniya. Ka yafe mata zafin bakinta, Ka yalwata mata kabari, Ka mayar mata da hankalinta cikakke. Kuma Ka sanar da ita a can, ta yadda ba za ta sake mantawa ba, cewa ba ita ba ce.